BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN GIDAN MAKAMA DA DARASINSA GA BIRNIN ZARIYA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin ganuwar birnin Zariya da ƙofofinta, aka kuma tsaya a kan Ƙofar Gayan da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. A wannan babi za a dubi wani gidan adana kayan tarihi da ke cikin tsohon birni irin na Zariya, wato Gidan Makama na Kano, don a auna inda ya dace da inda ya gaza. Dalilin zaɓen wannan gida shi ne, duk mutumin Zazzau da ya yi tunanin a kafa wa yankinsa ƙaramin gidan tarihi, Gidan Makama ne zai fara faɗo masa a rai, domin shi ne misali na kusa, kuma ɗaliban makarantu sun saba zuwa can ziyara. Kafin a ari riga kuwa, ya kamata a gwada ta a ga ko ta yi daidai da jiki. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, Gidan Makama ya yi nasara ƙwarai wajen adana gini da kayan da suka fito daga ƙasar da yake tsaye a kanta, amma tsarin da ya bi wajen ba da labari ya bai wa sarakuna suna da shekara, ya bar talakawa ba suna ba shekara.

4.1 Asalin Gidan

Gidan Makama yana tsakiyar birnin Kano, daura da fadar Sarki. Ruwayar da ta shahara ta nuna cewa an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Rumfa ya yi mulki har zuwa 1499, kuma shi ake danganta wa gina fadar da ake kira Gidan Rumfa da kafa kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne kuma Shehu Maghili ya sauka Kano. Bayan Turawa sun ci birnin a 1903, sun yi amfani da gidan a matsayin ofis na ɗan lokaci. Daga baya aka raba shi uku: sashe ya zama gidan tarihi, sashe makarantar firamare, sashe kuma ya ci gaba da zama gidan sarautar Makama.

Hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 ta 1979, ita ke riƙe da sashen gidan tarihin. Wannan hukuma kuwa ta gaji aikin da Kenneth Murray ya soma a 1943 a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, aikin da ya haifar da gidan tarihi na Esie a 1945, da na Jos a 1952, da na Legas a 1957. An kawo wannan bayani ne saboda yana da nasaba da abin da za a tattauna a gaba. Mutanen da suka soma wannan aiki damuwarsu ita ce ceto tsofaffin abubuwa kada su lalace ko a fice da su ƙasashen waje. Aiki ne mai kyau, kuma ba don su ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Sai dai idon da ke neman abin da ya tsufa kuma ya ƙayatar, ba lalle ne ya damu da sunan wanda ya ƙera abin ba.

4.2 Ginin da Ƙyauren Ƙofa

Babban abin kallo a Gidan Makama shi ne gidan kansa. Mai ziyara yana shiga zaure zai ji sanyin katanga mai kauri, ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure rufi da bakan gizo, aka jera azara a tsakani. Ɗalibin da ya karanta bayanin ginin Hausawa a littafi, irin na Moughtin (1985), a nan zai ga abin da ake nufi da tubali da azara da zanko ba tare da an yi masa dogon jawabi ba. Ta wannan fuska hukuma ta yi dabara da ta bar kayan a cikin gidan ƙasa, maimakon ta kwashe su zuwa ginin siminti a bayan gari.

Akwai wani abin lura a nan da masu yabon gidan kan tsallake. Idan an ce gini ne na ƙarni na 15, bai kamata a ɗauka cewa ƙasar da ake gani a jikin bangon ita ce wadda maginan Rumfa suka kwaɓa ba. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Damina ta ci, magina su mayar. Azara ta ruɓe, a sake ta. Indararo ya toshe, a gyara. Ke nan abin da ya daɗe shekara ɗari biyar shi ne wurin da fasalin gidan da kuma sanin da magina suka riƙa miƙa wa 'ya'yansu. Ranar da aka rasa magini mai iya ɗaurin guga, ranar gidan ya fara mutuwa ko da bangonsa na tsaye. Wannan ya sa maginin da ke yaɓe gidan ya cancanci a san sunansa kamar yadda aka san sunan wanda aka gina wa gidan.

Abu na biyu da ya ɗaukaka gidan shi ne tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa da aka ajiye a ciki, musamman na Ƙofar Kabuga. Ga mutumin Zazzau wannan ƙyaure yana da labari na musamman, domin daga Zariya rundunar Kanar Morland ta tashi ranar 29 ga Janairu 1903 da sojoji fiye da 700. Suka fasa Bebeji a kan hanya, suka iso Kano ranar 3 ga Fabrairu, suka shiga ta Kabuga, alhali Sarki Alu Babba yana can wajen Sakkwato. Yaron da aka tsayar gaban wannan ƙyaure aka ce masa ta nan aka shiga, ba zai manta ba, don abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji zama a zuciya. Ƙyauren yana da wurin da ya fito, yana da rana da wata da shekara, kuma ana iya fita daga gidan a je a ga inda yake a da. Wannan shi ne ma'aunin da za a auna sauran kayan da shi.

4.3 Tsarin Ɗakuna

An kasa kayan gidan cikin ɗakuna goma sha ɗaya. Idan aka bi su da lura za a ga sun rabu gida biyu, ko da yake ba a rubuta hakan a ko'ina ba. Kashi na farko yana tafiya da zamani: Dala da Barbushe da Tsumburbura, zuwan Bagauda, gina ganuwa, jihadi da sarautar Fulani, yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, zuwan Turawa, har a gangaro ƙarni na 20. Kashi na biyu kuma na al'adu ne da sana'o'i: kayan noma da saƙa, kayan kiɗa, kayan karatun allo, da ɗakin amarya.

Igiyar da aka ɗaure kashi na farko da ita ita ce jerin sarakuna, kuma ba a ɓoye take ba inda aka samo ta. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, haka ya tsara labarinsa, sarki bayan sarki, kowane da tsawon mulkinsa. Babu laifi a yi amfani da wannan littafi, don babu wata majiya da ta kai shi bayani a kan Kano ta dā. Haka kuma ba za a ce sarauta ba ta da muhimmanci ba a garin da mutane da kansu kan ƙirga shekarunsu da zamanin sarakuna, a ji tsoho ya ce an haife shi zamanin Abbas ko zamanin Abdullahi Bayero. Matsalar tana fitowa ne idan aka ƙetara zuwa kashi na biyu. Da zarar an bar sarakuna, sai lokaci ya tsaya cik. Garma garma ce kawai, masaƙa masaƙa ce, kamar dai yadda Bahaushe ya same su haka ya bar su.

A ɗauki ɗakin amarya a matsayin misali, tunda yana cikin ɗakunan da suka fi jan hankalin baƙi. Jere a ɗakin amaryar Hausa ya sha sauyi. An yi zamanin ƙore da akusa, aka yi na tasoshi, aka shiga na fantekoki da kwanonin sha da aka riƙa shigo da su daga waje, sannan na samira da tangaran da kabad mai gilashi. Kowane sauyi yana da dalili: zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, kuɗin gyaɗa da suka shigo hannun manoma tun daga 1912, kantunan kamfanonin Turawa da na Kwarori, daga baya kuma masana'antun cikin gida. Sannan ɗakin 'yar attajirin Fagge daban yake da na 'yar manomin ƙauye. Idan aka haɗa ɗaki guda aka ce ga ɗakin amaryar Bahaushe, an shafe duk wannan tarihi, an mayar da mace abin ado. Alhali jeren shi ne dukiyarta da ajiyarta, shi take sayarwa ranar da ta shiga matsi, kuma uwarta ta yi shekaru tana tara shi da kuɗin ƙuli-ƙuli ko na kaɗi.

Haka abin yake ga saƙa da rini. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da ƙasashen Sahara. Wannan sana'a ta yi ƙarfi, ta yi gogayya da yadin Ingila, ta ja da baya, karofi da yawa suka cike da shara. Tashi da faɗuwar sana'a labari ne mai shekaru kamar yadda hawa da saukar sarki yake da su. Amma masaƙar da aka jingine a ɗaki ba tare da an faɗi ta wane ne ba, daga wane gari, ya yi aiki da ita daga yaushe zuwa yaushe, ba za ta iya ba da wannan labari ba.

Bugu da ƙari, akwai al'amuran da suka girgiza jama'a waɗanda igiyar sarauta ba ta da inda za ta rataye su. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Kano. Bauta ta daɗe tana riƙe da gandaye da rumada, kuma ko da Turawa suka shelanta cewa duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Waɗannan ba su bar takobi ko alkyabba da za a sa a gilashi ba. Abin da suka bari yana bakin tsofaffi. Gidan tarihin da ya dogara da kaya kaɗai, tilas ya fi jin muryar wanda ya mallaki kaya masu daɗewa, wato sarki da attajiri.

Ana iya cewa wannan suka ya yi tsauri, domin gidan ƙarami ne, kuɗinsa kaɗan ne, kuma yawancin kayan sana'a an tattaro su ne a lokacin da ba a saba rubuta sunan mai abu ba. Wannan uzuri karɓaɓɓe ne game da abin da ya wuce. Har ila yau, filin da ke tsakar gidan, inda 'yan koroso da masu wasan kwaikwayo kan yi wasa, yana rage wannan giɓi, tunda a can mutane ne masu rai ke nuna al'adarsu. Amma uzurin bai shafi wanda zai kafa sabon gida yau ba, domin shi yana da damar tambayar mai abu tun yana raye.

4.4 Na Wane ne?

Gidan Makama yana cikin jama'a, amma hukumar tarayya ke da shi, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke yanke abin da za a nuna. Wannan yana da amfani ta fuskar tsaro da albashi da ƙwarewa. Illarsa ita ce, maƙwabcin gidan yana shiga ne a matsayin baƙo. Akwai wasu hanyoyin da aka gwada a wasu wurare. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958 a tsohuwar fada, ya fi kusa da masarauta, ga kuma kaburburan sarakuna a ciki, ko da yake wannan ya ƙara ɗaure shi ga labarin sarauta. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya ba maƙera da dukawa da masaƙa wurin zama suna aiki suna sayarwa a cikin harabarsa. A Kano ma akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, inda aka adana ɗakunan Malam Aminu Kano, wanda ya nuna cewa gidan wanda ba sarki ba ma yana iya zama wurin tarihi.

Misalin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na unguwar District Six a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce unguwar ta farare ce, aka tashi mutane fiye da 60,000, aka rushe gidajensu. Da aka buɗe gidan tarihin unguwar a 1994, sai aka shimfiɗa taswirar titunanta a ƙasa, tsofaffin mazauna suka riƙa zuwa suna rubuta sunayensu a daidai inda gidajensu suke a da. Ba su da kayan ƙarni na 15, amma kowane abu a gidan yana da mai shi.

4.5 Abin da Ya Shafi Ƙofar Gayan

Jarrabawar bin jerin sarakuna ta fi ƙarfi a Zazzau fiye da Kano. Ga Sarauniya Amina, ga Malam Musa Bamalli da ficewar Makau zuwa Zuba, ga gidajen sarauta huɗu na Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ga cire Kwasau da naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. M. G. Smith (1960) ya riga ya tsara wannan duka a littafi, saboda haka mai neman sauƙi zai iya cika ɗakuna biyar da shi cikin mako guda. Amma wannan labari yana da masu riƙe shi: fada tana nan, maroƙa da makaɗan fada suna nan, hawan salla yana maimaita shi kowace shekara. Ƙaramin gidan tarihi na unguwa ba zai fi su iyawa ba.

Wani abin da ya kamata a yi la'akari da shi kuma shi ne, tarihin Zazzau ya warwatsu a wurare. Zuriyar sarakunan Haɓe da al'adun fadarsu suna Suleja. Takardun mulkin lardi suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna. Kwaikwayon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), yana Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Dmochowski ya assasa. Shi kuwa masallacin na asali, a watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Wannan ya tabbatar da abin da aka faɗa a 4.2 game da ginin ƙasa da masu riƙe saninsa, kuma ya nuna cewa maganar ba ta ado ba ce kawai.

Hanyar da ta fi dacewa da Zariya an riga an gwada ta a ƙasar Zazzau ɗin kanta. A tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. A cikinsa akwai harin kamun bayi, da zaman rinji, da aure da saki, da ƙawance, da zuwan Turawa kamar yadda mace ta gan shi daga cikin gida. Baba ta rasu a 1951. Da an jinkirta shekara biyu, da babu littafin. Abin da aka yi da alƙalami a wancan lokaci, yau wayar hannu tana iya ɗaukarsa da muryar mai shi, da Hausarsa ta Zazzau, ba sai an juya zuwa wani harshe ba. Batun harshe kuwa ba ƙarami ba ne, domin duk bayanin da aka rubuta da Ingilishi kaɗai ya ware tsohuwar da ta ba da kayan, ya ware almajirin da ke karanta ajami.

Kayan aikin suna nan kusa. A Ƙofar Gayan ne babban asibitin da ke ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba yake. Dubban mutane suna ambaton sunan kullum a bakin 'yan acaɓa da masu Keke Napep, amma yara da yawa ba za su iya faɗin cewa ita ce shugabar matan NEPU da aka ɗaure sau da dama saboda neman 'yancin mata na jefa ƙuri'a ba, ko cewa matan Arewa ba su sami wannan 'yanci ba sai 1976, ko cewa ta rasu a 2001. Akwai sauran waɗanda suka san ta ido da ido. Haka nan gidajen malamai na unguwannin Kona da Juma suna da silsilar karatu da za a iya zanawa da sunaye da shekaru, kamar dai yadda ake zana ta sarakuna. Ita kanta ganuwar, akwai dattawan da suka san tsawonta a da, suka kuma ga lokacin da aka fara ɗibar ƙasarta ana gini.

Sai kuma ɗinkin riga, wanda birnin Zariya ya yi suna a kansa. Idan aka rataye babbar riga mai aska takwas aka rubuta rigar gargajiya a ƙasanta, an maimaita kuskuren ɗakin amarya. Takardar da za a liƙa mata ya kamata ta faɗi wanda ya zana aikin, da wanda ya yi ɗinkin ko wadda ta yi, tunda mata ma sun shiga sana'ar a cikin gidajensu, da unguwarsu, da shekarar da aka yi ta, da watannin da ta ci, da irin zaren, da kuɗin da aka biya mai ɗinki da kuma kuɗin da dillali ya sayar da ita. Idan aka jera irin waɗannan riguna uku, ɗaya ta wajen 1950, ɗaya ta wajen 1980, ɗaya ta yanzu, mai kallo zai ga da idonsa lokacin da tsamiya ta ba zaren kanti wuri, da lokacin da keken ɗinki ya fara cin kasuwar allura. Babi na biyar zai duba yadda za a tattara irin waɗannan bayanai daga gidajen da ke tsakanin Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona.